Kuɗin Haya da Harajin Gida a Kaduna: Inda Ake Samun Sauƙi da Takardun da Za a Nema

Tun shigowar 2026 tambaya ɗaya ce ke bi na, a ofis da ƙofar masallaci: wai da gaske ne gwamnati za ta mayar wa 'yan haya kashi 20 cikin 100 na abin da suka biya? Ba haka ba ne. Babu wani ofishi a garin nan, na jiha ko na tarayya, da za ka shiga da rasit ɗin haya a ƙirgo maka kuɗi ka fito. Abin da ke akwai 'yan ƙofofi ne a warwatse, wata a wajen masu haraji, wata a hannun mai unguwa, wata a masallaci ko coci. Duk wadda ka ƙwanƙwasa, takarda za a fara tambayarka, kuma a nan ne yawancin mutanenmu ke komawa gida hannu rabbana.

Aikina haɗa albashi ne a wata makaranta mai zaman kanta a Unguwar Dosa. Ina haya a Tudun Nufawa, kuma littafin kwamitin zakka na masallacin layinmu a hannuna yake. Da abin da ke ratsawa ta waɗannan wurare uku zan yi magana.

Masu 'yan'uwa a Ingila su suka fi kawo ruɗani. Can kam akwai tsari. Mai ƙaramin ƙarfi yana neman tallafin haya, wanda a yanzu galibi yake zuwa cikin kuɗin da suke kira Universal Credit, sannan ya nemi ƙaramar hukumarsa ta rage masa harajin gida. Amma ko a can, yawancin 'ya'yanmu da suka tafi da bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu ƙarara cewa ba su da rabo a kuɗin tallafin gwamnati, wanda ya karɓa kuwa da bizarsa yake wasa. Abin da ya halatta gare su shi ne, cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin gida, wanda ke zaune shi kaɗai kuma ana rage masa kashi 25. Wannan can ke nan. Mu dawo Kaduna.

Rangwamen haya a harajin albashi

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka fara aiki da su ranar 1 ga Janairun 2026. A tsohuwar doka akwai wani rangwame na bai-ɗaya da ake cire wa kowane ma'aikaci kafin a yanka masa haraji, ko haya yake yi ko a gidan gado yake. Sabuwar ta soke wancan, ta kawo na haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000.

Kuɗin nan ba aljihunka zai shigo ba. Cire shi ake yi daga jimillar kuɗin da za a lissafa maka haraji a kai. Naira 800,000 na farko da ka samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Mu ɗauki malamin da ke karɓar Naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. A ce an cire masa 240,000 na fansho, saura 2,760,000. A ware 800,000 da ba a taɓawa, saura 1,960,000, kashi 15 ɗinsu shi ne 294,000. Harajinsa ke nan idan bai kawo takardar haya ba. To a ce yana biyan 600,000 na ciki biyu da falo a Kurmin Mashi. Kashi 20 na wannan 120,000 ne. A cire su, harajin ya sauko 276,000. Abin da ya tsira da shi Naira 18,000 ne a shekara, 1,500 kowane wata. Da babu gara ba daɗi, amma duk wanda ya zo mini da tunanin zai ga alat na 120,000, sai na sa ya zauna mun buga lissafin tare kafin ya yarda.

Ni dai a ganina tsarin ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi. Wanda ke hayar miliyan 2.5 a Malali ko Unguwar Rimi shi ne zai cinye rangwamen har ƙarshensa, kuma da yake harajinsa na kan mataki mai tsada, kowace Naira da aka cire masa ta fi ta malamin can nauyi. Mai gadin da ke kan mafi ƙarancin albashi kuwa, Naira 70,000 na tarayya ko 72,000 da Kaduna ta amince da shi, dama ba a yanka masa komai, saboda haka babu abin da za a rage masa. Shi da hayar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, wannan ƙofa ba tasa ba ce.

Idan kai mai albashi ne, hanyar ba ta da tsawo. Ka je wajen mai haɗa albashinku da kwafin yarjejeniyar haya da rasit, ka bayyana ainihin abin da kake biya a shekara. Dokar ta ɗora rangwamen ne a kan wannan bayani, ba a ba da shi haka kawai. Mu masu haɗa albashi ba ma iya cire wa mutum ko sisi sai da shaida a fayil, domin gobe idan jami'an KADIRS, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, suka zo bincike, mu za su tsare. Bayan ka miƙa, duba takardar albashinka ta watan da ke biye. Idan harajin bai motsa ba, koma ka tambaya, kada ka jira ƙarshen shekara. Masu ɗaukar aiki suna miƙa bayanan ma'aikatansu na shekarar da ta gabata zuwa 31 ga Janairu, gyara bayan nan wahala ce.

Sai wasu 'yan abubuwa da nake yawan gani. Sunan da ke kan rasit shi ne mai rangwame. Akwai malama a wajenmu da ita ke biyan hayar gidansu daga albashinta, amma don kara aka rubuta sunan maigidanta, wanda sana'ar hannu yake yi. Sai da suka koma aka sake takarda. Kuɗin dillali da na lauya ba haya ba ne, kada a cusa su ciki. Idan ka biya na shekara biyu a dunƙule, sa a rubuta na kowace shekara daban. Wanda ke zaune a gidansa ba shi da rangwamen haya, sai dai idan da bashin banki ya gina gidan da yake ciki, ana cire masa kuɗin ruwan bashin.

Tela da mai shago a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi da maƙerin Panteka su ma dokar ta shafe su, sai dai babu mai haɗa musu albashi. Su da kansu za su kai bayanin kuɗin shigarsu ofishin KADIRS na yankinsu zuwa 31 ga Maris, a nan ne za su haɗa da shaidar hayar gida. Hayar shago kuma gidanta daban, tana cikin kuɗin da aka kashe wajen gudanar da sana'a, ana cire ta gaba ɗaya kafin a san riba. Ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji don kwangila ko takardar fili, ranar za ka ga amfanin ajiye waɗannan rasitai.

Yadda ake raba mai gida da rasit

Nan ne aikin yake. A unguwanninmu haya da baki ake yin ta. Ka kai kuɗi a leda bayan sallar isha'i, a ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Da na fara neman rasit a wajen nawa mai gidan, dattijo ne da ya haura saba'in, ga yadda muka yi:

"Baba Alhaji, rasit nake so na kuɗin bana."

"Rasit kuma, Malam? Duk zaman da muka yi na taɓa ce maka ba ka biya ba?"

"Allah ya sawwaƙe, Baba. A wajen aiki ake nema, don a rage mini haraji."

"To ai shi ke nan. Ka ɗauki sunana ka kai wa 'yan haraji."

Tsoronsa ba na banza ba ne, kuma kada ka yi masa ƙarya cewa babu komai. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, tun a tsohuwar doka akwai haraji a kansa. Abin da za ka nuna masa shi ne, shi ma 800,000 ɗinsa na farko babu mai taɓawa, kuma abin da ya kashe wajen gyaran gidan, rufi ne ko yashe masai, ana cirewa kafin lissafi. Tsohon da ke da ɗakuna uku yana tara 600,000 a shekara, ba shi da wata hanyar samu, bai ma kai inda za a ce ya kawo ba. Amma hujjar da ta fi shiga kunnen dattawa ba ta haraji ba ce, ta gado ce. Ce masa rai na hannun Allah, ranar da babu ɗayanku, takardar nan ce za ta hana 'ya'yansa da naka tsayawa gaban alƙali. Da wannan na samu nawa. Ya aiki jikansa ya sayo littafin rasit a shagon littattafai, ni na rubuta, shi ya dangwala, limamin layi ya sa hannu a matsayin shaida.

Rasit mai amfani yana ɗauke da cikakken sunanka kamar yadda yake a NIN, da sunan mai gida, da adireshin gidan har lambarsa da sunan layi, da adadin kuɗin a lamba da kalmomi, da ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare. Rubutun "an karɓi kuɗi daga Malam" a bayan takardar makarantar yara ba zai wuce a ko'ina ba. Yarjejeniya ma ba sai mai shafi goma ba. Shafi ɗaya ya isa idan ya faɗi kuɗin, da wa'adin, da wanda gyara ke kansa, da wanda zai biya harajin gida, da tsawon notis, sannan shaidu biyu.

Idan da hali, ta banki za ka biya, kuma cikin asusun mai gidan kansa. Na dillali ba ya nuna cewa kuɗin sun isa inda aka nufa, sai dai in akwai takardar da mai gida ya wakilta shi. A wajen bayani rubuta "hayar gida, Maris 2026 zuwa Fabrairu 2027". Jita-jitar da aka yi ta yaɗawa cewa banki zai yanki haraji saboda abin da ka rubuta a tiransifa ba ta da tushe.

Wani mai gidan zai ce in dai sai da rasit, to zai ƙara kuɗi. Nan sai ka yi lissafi da kanka. Idan 18,000 za ka tsira da su shi kuma zai ɗora maka 50,000, bar shi, riƙe shaidar bankinka ka kai ta ofis, a gani ko za ta wadatar. Wani kuma zai ce a rubuta ƙasa da abin da aka biya, ko kai ka ce a rubuta sama. Duka biyun kada ka yarda. Na farko ranar rigima zai cuce ka, na biyu kuwa laifi ne da sa hannunka a kai.

Kuɗin ƙasa da harajin gida

Mutane na haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha amana ce a hannun gwamna. Wanda ke da takardar mallaka izinin zama aka ba shi na wasu shekaru, galibi 99 ga gidan zama, kuma cikin sharuɗɗan akwai biyan kuɗin ƙasa duk shekara. A Kaduna lissafin wannan yana wajen KADGIS, hukumar da aka kafa zamanin Gwamna El-Rufa'i don riƙe bayanan filaye a kwamfuta. Wannan kuɗi na wanda sunansa ke kan takardar fili ne, babu ruwan ɗan haya. Kuma ba abin wasa ba ne, domin doka ta ba gwamna ikon soke takardar wanda ya saɓa sharuɗɗanta. A 2025 an soke dubban takardu a Abuja saboda bashin kuɗin ƙasa na fiye da shekara 10.

Harajin gida kuma na ginin ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa kimanta gidaje don wannan haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a kan ƙa'idar da Majalisar Dokokin jiha ta gindaya. Shi ya sa yana da kyau ka san a wace ƙaramar hukuma gidanka yake, tunda garin nan huɗu ne suka raba shi: Kawo da Unguwar Shanu suna Kaduna ta Arewa, Tudun Wada da Barnawa suna ta Kudu, Rigasa tana Igabi, Sabon Tasha tana Chikun. Sai dai tun dokar haraji ta jiha ta 2016 an tattara karɓar kuɗin shiga a hannun KADIRS, aka kuma hana karɓar tsabar kuɗi. Wannan shi ne makaminka na farko. Duk wanda ya zo ƙofar gida da riga mai tambari ya ce a ba shi a hannu zai rage maka, ko ya miƙo lambar asusu mai sunan mutum, ba gwamnati za ka biya ba, kuma bashin yana nan yana jiranka. A banki ake biya ko ta shafin intanet na PayKaduna, da lambar da ke kan takardar, a fito maka da rasit.

Idan aka manna takarda a ƙofar gidan da kake haya, kada ka yage ta, kada kuma ka ruga ka biya. Ɗauki hotonta, kai wa mai gida, ku duba abin da yarjejeniyarku ta ce. In ya ce ka biya a cire a hayar baɗi, ya rubuta ya sa hannu. A gidan haya mai ɗakuna da yawa an saba a raba kuɗin kan 'yan haya ba tare da kowa ya ga takardar ba. Nemi a nuna maka. Na ga inda abin da aka tara ya ninka abin da aka rubuta.

Ga mai gida da kuɗin ya yi masa yawa, neman sauƙi a rubuce ake yi. Fara da duba ko bayanan daidai ne, domin kuskure ya fi yawa a nan: gidan zama an rubuta shi na kasuwanci saboda ɗan shagon da ke zaure, ko girman fili ya zarce na gaskiya, ko an haɗo da shekarun da ka riga ka biya, ko ana lissafa kango kamar ginin da aka gama. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar da ta aiko takardar, ka sa lambar fayil, ka faɗi inda kuskuren yake da abin da kake ganin shi ne daidai, ka haɗa da hotunan gidan da tsofaffin rasitai. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. A dokar haraji ta ƙasa kwana 30 ake ba mutum ya ƙalubalanci kimar da aka yi masa, saboda haka duba wa'adin da ke kan takardarka tun ranar da ta zo. Wanda ya yi shiru har wa'adi ya wuce, an ɗauka ya amince.

Idan lissafin daidai ne, ƙarfi ne babu, nemi a raba maka biyan kashi-kashi, ka faɗi abin da za ka iya kowane wata, kuma ka fara biyan wani abu kafin amsa ta zo. Mai fansho ya haɗa da shaidar fanshonsa, matar da mijinta ya rasu ta haɗa da takardar rasuwa. Tambayi jami'in ya nuna maka jerin gine-ginen da doka ta yafe wa, ka ga ko naka na ciki. In an ƙi sauraronka, Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, ga kuma Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a da ba a biyan ko kwabo.

Magada su kula da abu ɗaya. Gidan da aka bari da sunan marigayi shekara da shekaru, kowa na cewa wane ne zai biya, bashinsa taruwa yake yi. Ranar da aka tashi sayarwa ko sauya suna, sai an biya duka kafin a ci gaba. Ku ware kuɗin ƙasa daga hayar gidan kafin a raba wa kowa.

Wanda ba shi da albashi

Tallafin kuɗi na tarayya ba don haya aka yi shi ba, amma kuɗi ne, babu mai tambayarka me ka yi da su. A Oktoban 2023 aka sanar da Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. An dakatar da shirin a farkon 2024 lokacin da aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, daga baya aka ci gaba. Sunayen daga rajistar marasa ƙarfi ake ɗauko su, ita kuma rajistar ba fom ake saya ba. Jami'ai ne ke zuwa unguwa, a tara jama'a su fitar da gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a ɗauki bayani. Abin da ke hannunka shi ne mai unguwa da kansila su san halin da kake ciki tun kafin ranar, ka mallaki NIN, ka buɗe asusu da sunan da ya yi daidai da na NIN ɗin harafi da harafi, kuma layin wayar da ka bayar ya zama naka, yana aiki. Tsofaffi da yawa sun ba da lambar ɗan maƙwabci, saƙo ya zo ya wuce. Duk wanda ya turo maka adireshin intanet a WhatsApp ya ce ka sa BVN da lambar sirri, ko ya nemi dubu biyu don ya shigar da sunanka, ɓarawo ne.

Idan gobara ce ko ambaliya ta fitar da ku, irin wadda kan shafi masu zama kusa da Kogin Kaduna da damina, a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya, wato NEMA, ta hannun mai unguwa da ƙaramar hukuma tun abin na da zafi. Ɗan haya ya tabbatar an rubuta sunansa daban. Sau da yawa gida ake ƙirgawa, kayan agaji su tafi wajen mai gida, wanda katifarsa ta ƙone ya tashi a tutar babu.

Inda na fi ganin an biya wa mutum haya da gaske shi ne zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba, ciki har da faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne, kuma wanda hayar bara ke wuyansa yana cikin waɗanda ake bi bashi. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da kwamitocin jin ƙai a coci-coci masu irin wannan aiki. Matsalar ita ce lokaci da yadda ake nema. Masu fitar da zakka da yawa da azumi suke yi, saboda haka takardar da ta iso a watan Sha'aban ta fi wadda ta zo bayan sallah sa'a. Kuma abin da ke hannun kwamiti kullum bai kai yawan masu nema ba, dole a zaɓa.

Wata baiwar Allah mai marayu huɗu ta aiko mana da takarda da ɗanta na sakandare ya rubuta a fallen littafi. Layi shida ce kacal. Ta faɗi ɗaki ɗaya ne, kuɗinsa kaza, ta tara kaza daga ƙosai da adashi, saura kaza, wa'adi ranar kaza, ga lambar mai gida, ga sunan mai unguwa. Ta maƙala tsohon rasit da allura. A zaman farko aka amince, domin babu abin da ya rage a bincika sai kiran waya ɗaya. A ranar akwai wasu takardu masu shafi biyu cike da bayanin wahala, amma babu adadi, babu wa'adi, babu wanda za a kira. Ba mu ƙaryata kowa ba, sai dai an ajiye su sai an bincika, kafin nan kuɗi sun ƙare. Ka faɗi abin da ka tara ko kaɗan ne, kwamiti ya fi son cike giɓi a kan ɗaukar kaya duka. Kada kuma ka ji haushi idan aka ce kai tsaye za a tura wa mai gida. Mu haka muke yi, mu karɓo rasit da sunan mai haya.

Ma'aikaci mai ƙungiyar gama kai a wajen aiki ya nemi bashin haya wata uku kafin wa'adi, lokacin da layi bai yi tsawo ba. Bashin manhajojin waya kuwa, waɗanda ke bin lambobin 'yan'uwanka da saƙon cin mutunci, ko kusa kada ka je. Wanda ake yanka masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa ya leƙa ofishin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya duba ko kuɗinsa na shiga, ya kuma tambayi tsarin da ake biyan haya har gida ya zama na mutum.

Idan duk an yi wa'adi ya cika babu kuɗi, je wajen mai gida kafin ya zo wajenka, da wani abu a hannu da dattijon da yake jin kunyarsa. Ku rubuta ranakun da za ka cika sauran. In kuma ya kai ga notis, a ƙa'idar da kotuna suka saba bi mai hayar shekara wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban, bashin da ya taru kuma yana raunana matsayin ɗan haya. Bayan notis akwai takardar kwana bakwai, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko ƙofa, ko sa kwaɗo, ko watso kaya waje da hannunsa. Wanda aka yi wa haka kuma ba shi da kuɗin lauya, ya ɗauki hoton abin da aka yi, ya haɗa da rasitansa da kwafin notis ɗin, ya nufi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a Kyauta da ke nan Kaduna.